Tsohuwar da Aka Hutar

An yi wata gwauruwa a wani ƙauye, mijinta ya yi barci cikin Ubangiji tun 'ya'yansu suna ƙanana. Sunanta na baftisma yana nan rubuce cikin littafin ikilisiya, amma ba mai kiranta da shi. Kowa Maman Habila yake ce mata, da sunan ɗanta na fari.

Mace ce mai ƙashin aiki. Kafin rana ta fito ta share tsakar gida tas, ta share ƙofar gida har bakin hanya, a sunkuye, ba ta miƙewa sai ta gama. Rabin tsakar gidan nan kuwa lambu ne: rama, kuɓewa, yakuwa, gauta, ga kabewa ta hau danga tana leƙen maƙwabta. Da fartanya da bokitin ban ruwa ta yi renon 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa roƙon kayan miya ba. In tana tafiya majami'a ran Lahadi, 'yan mata sai sun haɗa da ɗan gudu kafin su jera da ita.

Habila ya girma, ya yi karatu, ya sami aiki a birni, Allah kuwa ya buɗa masa. Kada wani a cikinku ya zargi yaron nan tun bai ji labari ba, domin ɗa ne na kirki. Bai manta da fason ƙafar uwarsa ba, bai manta da kantar hannunta ba. Tun yana ƙarami ya yi wa kansa alkawari, ranar da ya samu, matar nan ta gama wahala.

Wani rani sai ga shi da magina da motar yashi da buhunan siminti. Aka tumɓuke danga, aka ja katangar bulo. Aka share lambun nan kaf, aka malala siminti a tsakar gida daga bango zuwa bango, sumul, ko ciyawa ɗaya ba ta da wurin leƙowa. Aka haƙa rijiyar burtsatse, aka kafa tanki da famfo, aka kawo murhun gas, aka ajiye wata kujera mai laushi a baranda. Fartanyoyinta uku ya rarraba wa maƙwabta. Sa'an nan ya roƙi wata maƙwabciya, Laraba, mace mai 'ya'ya huɗu, ta riƙa zuwa kullum da hantsi tana shara da girki da wanki.

Ranar da aka gama, fasto ya zo ya yi addu'a, aka ci shinkafa aka sha zoɓo. Habila ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Daga yau uwata ta gama aiki. Duk wanda ya gan ta da tsintsiya ko bokiti, don Allah ya karɓe. Wanda ya yi mata haka, ni ya yi wa."

Mata suka rangaɗa guɗa, suna cewa haihuwa ta yi rana. Maman Habila kuwa, kai, ranta fari fat. Ta ji lambun a zuciyarta, ba za a ce ba ta ji ba, amma wace uwa ce za ta buɗe baki a rana irin wannan ta ce a bar mata kuɓewarta? Ta hau kujerar nan ta harɗe ƙafa, aka bar ƙofar gida a buɗe domin masu wucewa su gani.

Kun san tarbiyyarmu. Tun muna yara aka koya mana, in ka ga babba da kaya, ka yi maza ka karɓa. Al'ada ce mai kyau, ni ma da ita na tashi, ba kuwa zan kushe ta ba. Amma mutanen ƙauyen nan suka riƙe maganar Habila kamar da ita za a shiga Mulkin Sama. In tsohuwa ta miƙa hannu ga tsintsiya, sai Laraba ta yi wuf: "Kawo, Mama!" In ta ɗauki buta, "Kawo, Mama!" Ran nan kallabinta ya faɗi ƙasa, kafin ta sunkuya mata biyu sun yi karo da ka wajen ɗauko mata.

Watannin farko abin ya yi daɗi. Jikinta ya murje, fason ƙafa ya rufe, kowa ya gan ta sai ya ce, "Mama, hutu ya karɓe ki." Daga kan kujerarta takan hangi Kande tana wucewa. Kande ƙawarta ce tun suna amare, ta girme ta da shekara biyar ko shida, 'ya'yanta kuwa ba wanda ya samu. Kullum tana hanya, ko da fartanya a kafaɗa ko da itace a ka. Maman Habila takan girgiza kai ta ce, "Allah sarki Yaya Kande, ba ta da mai hutar da ita."

Damina ta zo ta wuce. Sai gwiwa ta fara magana. Daga gwiwa sai ƙugu, daga nan ƙafafu suka kumbura har takalmin sujada ya ƙi shiga. Tuwo ya daina daɗi, barci ya zama rabi da rabi. Habila ya aiko da magunguna, ya aiko da sanda mai ƙyalli. Majami'ar da ake jin waƙarta daga cikin gidan, yanzu sai da babur ake kai ta. Duk lokacin da ta ƙara rauni kuma sai a ƙara hana ta motsi, domin a ganinsu hutun ne bai ishe ta ba.

Wata safiya, kafin Laraba ta iso, ta tashi za ta kewaya, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ta zube a tsakar gida. Ta yi ta ƙoƙarin tashi, ina! Matar da takan ɗauko dami a ka daga gona har gida, ga ta kwance kan siminti, rana tana hawa, ƙadangaru suna kallonta daga kan katanga. Haka ta zauna har Laraba ta shigo ta kurma ihu.

Malamin asibitin ƙauyen ya duba ta, ya ce ba karaya. "Mama, jininki ya hau, ƙafafunki kuma sun manta aikinsu. Magani kaɗai ba zai yi ba, sai kin riƙa motsa jiki. Kowace safiya ki zagaya tsakar gida sau goma, ki ɗaga hannu sama ki sauke."

Ta dube shi ta ce, "Ɗana, in yi ta zagaye ba abin da na je ɗaukowa? In ɗaga hannu ba abin da nake tsinka? Ai sai a ce tsohuwa ta taɓu."

Duk da haka ta gwada sau ɗaya. Laraba ta biyo ta a baya riƙe da kujera, tana cewa, "Ya isa, Mama, zauna." Zagaye ɗaya da rabi aka yi, aka rufe maganar.

Habila ya zo a firgice. Ya durƙusa a gabanta, idonsa ja wur, ya ce, "Mama, ba zan iya barinki a nan ba kuma. Na gyara miki ɗaki a gidana, a saman bene inda iska take, ga likita kusa. Zan sayo keken da za a riƙa tura ki. Ki yi daminar nan ki yi sallama da mutane. Ranar sujadar godiya ta kaka zan zo, a yi miki addu'a, mu tafi."

Ta ce, "To, Babana." Haka take kiransa, domin sunan mahaifinta aka sa masa. Amma da motarsa ta tashi, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Ta san tsofaffin da aka kai birni a kan irin keken nan. Biyu ta sani, dukansu kuwa a akwati suka dawo ƙauye. A gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta haihu, a nan take so ta ƙarasa kwanakinta. Wata shida ke nan tsakaninta da barin gida, in ƙafafun nan ba su tashi ba.

Ruwan shuka ya sauka. Kwana biyu bayan haka Kande ta shigo gaisuwa, taɓo har ƙwauri. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Ta saurari labarin duka, har da na keken, ba ta ce Allah sarki ko sau ɗaya ba.

"Ƙanwata," in ji ta, "ke ba ciwo ne ya kama ki ba. Zama ne."

"Yaya Kande, ba sa barina in taɓa komai."

"Su suka haife ki?"

Kande ta nuna bayan gida da hannu, ta ci gaba.

"Bayan katangarki akwai fili, inda magina suka zubar da ɓaraguzai. Ruwan famfonki ma can yake fita ta rariya, yana ɓacin banza. Gobe da sassafe ki same ni can, kafin mai gadinki ta iso."

Kande ta miƙe tsaye daga ƙasa, ba ta dafa komai ba, ta kakkaɓe zane ta fita. Maman Habila ta bi ta da kallo. Wannan tashin ya tsaya mata a rai fiye da maganar.

Kashegari ta fito, sanda a hannu ɗaya, 'yar kujerar tsuguno a ɗayan. Daga ƙofar gida zuwa bayan katanga taku arba'in ne, ta huta sau uku. Wurin kuwa juji ne sosai: guntayen bulo, tsakuwa, yagaggun buhunan siminti, ga ƙaya. Kande ta ja layi a tsakiya da bakin fartanya ta ce, "Nan nawa, nan naki. Tsince duwatsun."

Duwatsu tara ta tsince ranar. Na goman ya suɓuce mata ya gangara wajen ƙafar Kande, ta ɗaga kai tana jiran a miƙo mata, gama ta saba. Kande ta dubi dutsen, ta dube ta, ta ci gaba da nomanta tana 'yar waƙa. Ran Maman Habila ya ɓaci ƙwarai. Ta ja kujera da ƙyar, ta miƙa hannu har kafaɗa ta yi ƙara, ta ɗauko abinta. Ta koma gida tana cewa a ranta Kande muguwa ce, ba za ta ƙara zuwa ba. Da gari ya waye ta riga Kande isa.

Haka aka yi ta yi. Mako biyu tana tsintar duwatsu daga zaune, tana jera su a gefe su zama iyaka. Sa'an nan Kande ta kawo mata wata tsohuwar fartanya da bakinta ya cinye. Da ta riƙe ƙotar, hannunta ya gane ta nan da nan, ƙugu ne dai ya ƙi. Kunyar shuka guda ɗaya sai da ta ɗauke ta kwana uku. Takan sara sau biyar ta dafa gwiwa ta yi nishi, ta ce, "Ya Ubangiji, kai ka yi ƙafafun nan, ka tuna musu." Ta shuka rama da kuɓewa da yakuwa, ta dasa gauta, ta binne 'ya'yan kabewa a gindin katanga. In ruwan sama ya yi fashi, sai ta tari na rariya a ɗan bokiti, rabi-rabi, tana kaiwa tana dawowa.

Zufa ta dawo mata, wadda ta fi shekara ba ta ji a bayanta ba. Yunwa ta dawo. Laraba ta fara mamaki, tsohuwar da ake lallashi ta ci loma uku yanzu tana tashi da malmala biyu, har tana cewa miyar ba gishiri. Kumburin ƙafa ya soma sacewa. Ran nan kuma, lokacin kuɓewa ta fara fure, Laraba ta yi sammako ba zato, ta tarar da ɗaki wayam, sanda jingine a bakin ƙofa, mai sandar ba ta nan. Ta bi sawu har bayan katanga.

"Na shiga uku! Mama, so kike Yaya Habila ya ce na kashe ki? Kawo, kawo!" Ta cafki ƙotar fartanya.

Maman Habila ba ta saki ba. Laraba ta ja, ta ji abin bai taho ba. Ta sake ja da ƙarfi, ta ji kamar an dasa shi.

"Laraba, 'yata," in ji tsohuwa tana haki, "sakar mini. In taimako kike so, ga ciyawa can, fara daga can mu haɗu a tsakiya."

Kafin tsakar rana labari ya kai birni. Habila ya bugo waya. "Mama, me na rage ki da shi? So kike a ce Habila yana shan sanyin ofis, uwarsa tana tonon juji? Don Allah ki rufa mini asiri ki ajiye fartanyar nan."

"Ba ka rage ni da komai ba, Babana. Allah ya yi maka albarka. Ka zo ranar godiya yadda ka ce."

Abin da ya ji tsoro kuwa shi ya faru. A bakin rijiyar gari aka fara cewa ɗan ya daina aike, shi ya sa tsohuwa ta koma tonon ƙasa. Wannan ya soke ta, domin ƙarya ce, kuma sunan ɗanta ake ɓatawa saboda ita. Ta ajiye fartanya, ta koma kujera kwana huɗu. A rana ta biyar gwiwoyin suka sandare kamar dā, sai da ta dafa bango ta tashi. Ta tsaya nan dafe da bango ta auna abin: ko a yi da ita a bakin rijiya, ko a tura ta a keke. Ta ce, "Su yi ta faɗi, bakinsu ne." Ta koma wurin kuɓewarta, ta tarar ciyawa har ta fara ɗaga kai.

Kaka ta yi. Ranar godiya ta zo, ranar da kowane gida yakan kawo amfanin gonarsa gaban Ubangiji, ana waƙa ana rawa har bagade. Maza da dammunan dawa da buhunan masara, mata da kwanduna. Maman Habila ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta cika kwandonta: kabewa biyu manya, gauta, busasshiyar kuɓewa, jan zoɓo a sama. Ta naɗa gammo, Kande ta ɗora mata, suka taka da ƙafa har majami'a, suka shiga layin mata a waje.

Tana tsaye a layi ta ga motar ɗanta ta shigo. Daga birni ya wuto kai tsaye, domin ya makara. Ta ga ya buɗe bayan mota, ya fito da keken, sabo fil, ya ware shi. Ta ga ya ɗaga kai yana neman inda aka zaunar da ita. Idonsa ya wuce ta kanta, ya tsaya, ya dawo. Rana ta ƙona ta, ta faɗa, ga kwando a ka, wuya a miƙe, ba mamaki bai gane ta da kallon farko ba.

Ya taho da gudu, babbar riga tana jan ƙasa. "Mama! Wa ya ɗora miki wannan? Kawo!" Hannunsa biyu suka kama kwandon.

Masu kiɗan tulu suka dakata. Layi duka ya juyo. Ku tuna fa, a idon mutanenmu, ɗa ya tsaya hannu sake uwarsa tana ɗauke da kaya, abin kunya ne babba, balle ɗa irin Habila da ya yi shela a gaban gari. Ta ga wannan a fuskarsa, ta ji tausayinsa har cikin ranta. Amma ta riƙe bakin kwandon, ta yi magana a hankali yadda shi kaɗai zai ji.

"Babana, ka ba ni gida, ka ba ni ruwa, ban raina ba. Wannan kuwa ni na noma shi, na Ubangiji ne. Ni zan kai masa."

"Za ki faɗi, Mama."

"In na faɗi sai ka ɗaga ni. Amma bari in faɗi tukuna."

Ya dubi idonta, ya dubi mutane, ya sake duban ta. Sa'an nan ya sauke hannuwansa. Ina gaya muku, duk ginin da yaron nan ya yi wa uwarsa bai kai sauke hannun nan wuya ba.

Tulu ya ɗauka, caki ya amsa, mata suka tada waƙa. Matakala uku ce a ƙofar majami'ar. Ta hau ta fari, ta hau ta biyu, a ta uku gwiwa ta ɗan yi rawa, kwandon ya karkata. Habila ya zabura, ya kuma danne kansa. Ta daidaita, ta shiga. Tsakanin ƙofa da bagade, jama'a, matar nan rawa ta taka, taku biyu gaba, taku guda baya, kafaɗa tana amsa kiɗa, ɗanta a gefenta yana tafe hannu a buɗe, hawaye na zuba kan rigarsa bai ko share ba. Guɗa ta cika majami'a. Da ta kai, ta sauke kwandon da kanta, ta ajiye shi cikin na sauran mata, ta miƙe, ta juyo ta dubi ikilisiya kai a sama. Malamin asibitin nan yana cikin mawaƙa, har ya manta baitin da ake kai.

Bayan sujada ta kai Habila bayan katanga. Ya daɗe tsaye yana kallon kunyoyi goma sha ɗaya da hannunta ya tayar. Ya ce, "Mama, ki gafarta mini. Da hannuna na kusa gurgunta ki."

Ta ce, "Ƙauna ce, Babana. Gishiri ne ya ɗan yi mata yawa."

Da zai tafi, ya tsaya a bakin mota yana sosa ƙeya, domin bai saba rabuwa da ita ba tare da ya yi alkawarin wani abu ba. "To me zan aiko miki?"

"Kashin kaji," in ji ta. "Buhu biyu. Ƙasar nan tana son taki."

Keken ya bar wa asibitin ƙauye, domin akwai waɗanda da gaske suke bukatarsa. Motar ta koma birni, kujerar motar da aka gyara wa tsohuwa ba kowa a kai sai kabewa guda ta jikoki. Maman Habila ta kwana a gidanta. Ta ƙara damina tara a gidan nan, kowace da kwandonta.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Da fari dai, jikin nan da kake ciki kyautar Allah ne, don aiki kuma aka gina shi. Sa'ad da Ubangiji ya yi mutum na fari, a lambu ya sa shi, da aiki a hannunsa, tun zunubi bai shigo duniya ba. Shara, cirar ciyawa, ban ruwa, tsintar duwatsu, abin nan da likita yake kira motsa jiki yana nan a ƙofar gidanka, har da ƙarin kayan miya. Na san waɗansu a nan, ba zan kama suna ba, sukan shiga mota su je filin wasa su yi gudu, ciyawar ƙofar gidansu kuwa ta isa ɓoye akuya. Ku yi dariya, amma kun san kanku.

Sa'an nan, ƙafafun matar nan su ne bangaskiyarka. Kujerar nan mai laushi kuwa ita ce zaman da yawancinmu muke yi a gidan Allah. A yi maka addu'a, a karanta maka Maganar Allah, a yi maka waƙa, a ziyarci marar lafiya a madadinka, kai kana zaune kana cewa amin. Da fari akwai daɗi. Amma ranar da gwaji ya kayar da kai, za ka nemi tashi ka ji bangaskiyar ta ƙi ɗaukarka, domin ta daɗe ba ta taka ƙasa ba. In haka kake yau, kada ka fid da zuciya. Matar nan daga zaune ta fara, da abin da ƙarfinta ya iya. Ka nemi ɗan aikin da ba mai so, ba mai gani: maƙwabcin da ba mai gaishe shi, ajin yara da ba malami, bencin da yake neman gogewa. Ka fara nan, gobe da safe.

Habila kuwa mu ne, mu masu ƙauna da gaggawa. Ku ji ni da kyau, kada wani ya fita ya ce malamin makarantar Lahadi ya ce a bar tsofaffi su wahala. Ban ce ba. Kaya mai nauyi, karɓe shi. Marar lafiya, kai shi asibiti. Wanda ƙafarsa ta gaza da gaske, keken nan albarka ne gare shi. Amma akwai karɓar da take taimako, akwai wadda take ƙwace. Kafin ka ce kawo, ka tambayi kanka, don shi kake yi, ko don kada a yi da kai? Mun zaunar da dattawa da yawa a ikilisiyar nan da sunan girmamawa, abin kuwa yana ba ni haushi. Tsohon da ya yi shekara talatin yana buga ƙararrawa mun ce ya huta. Tsohuwar da ta san waƙoƙin da ba su cikin littafi mun ba ta bencin gaba, mun daina tambayarta komai. Muna kallonsu suna dusashewa, muna cewa tsufa ne.

Ni dai ina alfahari da matar nan, ba na ɓoyewa. Ina alfahari da Kande, wadda ta danne zuciyarta ta bar ƙawarta ta sha wuyar da za ta tashe ta. Ita ce ta fi kama da yadda Ubangiji yake bi da mu, yana nan tare da mu a gona ɗaya, bai kuwa ƙwace fartanyar daga hannunmu ba. Ɗan nan ma da ya iya sauke hannu a gaban gari, Allah ya ba mu irinsa da yawa.

Ran Asabar mai zuwa akwai gyaran filin majami'a, da ƙarfe bakwai. Kowa ya zo da fartanyarsa, mai tumbi da marar tumbi. Iyayenmu tsofaffi, ku ma muna jiranku, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ku kuma matasa, in kun ga tsohuwa ta duƙa tana cirar ciyawa, hannunku zai yi ƙaiƙayi, na sani. Ku gaishe ta, ku tambaye ta inda za ku fara, ku sunkuya kusa da ita.